Ciki bayan shekara 13: kunya nake ji, tsoro kuma ya hana ni barci

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 39, 'ya'yana uku. Babbar tana da shekara 20, an sa ranar bikinta nan da wata biyu. Mai bi mata mace ce, 17, sai autana namiji mai shekara 13. Tun da na yaye shi ko ɓatan wata ban sake yi ba, kuma ban taɓa shan maganin tazara ba. Mun nemi magani na asibiti da na gida har muka haƙura. Kwanakin baya al'adata ta ɗauke, na ɗauka girma ne ya zo. Da kasala da jiri suka dame ni na je asibiti, aka ce ciki ne, wata huɗu. Maigida sai murna yake, ni kuwa kunya ta ishe ni. Yaya zan shiga bikin 'yata da ciki, surukai suna kallona? Ga tsoro, don wata maƙwabciyata ta ce mahaifar da ta daɗe ba ta ɗauki ciki ba bushewa take yi, sai an yi aiki ake ciro ɗan. Uwar mijina kuma ta ce duk ukun a ɗaki na haife su ba awo ba komai, me zai kai ni asibiti yanzu da na zama gwana, har ta kawo min maganin zaƙi. Kwanan nan kaina yana yawan ciwo. Anti, maganar wa zan bi?

Wata baiwar Allah daga Gusau

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ina taya ki murna har cikin raina. Allah Ya inganta, Ya raba lafiya, Ya sa mai albarka ne.

Zan fara da abin da kika sa a ƙarshen wasiƙarki, don shi ne ba ya jira. Ciwon kan nan, ki je gobe da safe a auna miki jini. Kada ki bari sai ranar da aka ware wa masu awo, kada ki bari sai bayan biki. Yana iya zama zazzaɓin cizon sauro, ko ƙarancin jini, ko rashin barcin da damuwa ta jawo miki. Yana kuma iya zama hawan jini da ya shige ki a cikin shekarun nan ba ki sani ba, don hawan jini yakan zauna a jikin mutum shekara da shekaru bai yi masa sallama ba. Awon minti biyu ne. Idan ya kai 140 a kan 90 ko ya haura, likita yana da magungunan da suka dace da mai ciki. Kafin nan kada ki sayi maganin ciwon kai a kemis bisa ra'ayin kanki, in ba farasitamol ba.

Yanzu ga amsar tambayarki. Maƙwabciyarki ta yi kuskure, Hajiya uwar mijinki ma ta yi kuskure, sai dai kuskuren Hajiya ya fi haɗari, ko da yake ita ce ta fi ƙaunarki a cikinsu.

Mahaifa ba ta bushewa don ta huta. Shaidar ma tana jikinki: ta karɓi ciki, ta riƙe shi wata huɗu. Mata da yawa sun haihu da kansu lafiya lau bayan shekara goma, sha biyar, har fiye. Doguwar tazara ita kaɗai ba dalilin yin aiki ba ce, kuma babu likitan kirki da zai rubuta miki tiyata don kawai autanki ya girma. Ki cire wannan daga ranki.

Amma akwai gaskiyar da nake so ki riƙe da hannu biyu. Jikinki zai karɓi wannan cikin kusan kamar yadda ya karɓi cikin fari. Idan mace ta yi ciki, jijiyoyin da ke kai jini mahaifa suna buɗewa, jiki yana koyon ɗaukar nauyin, kuma wannan sabon yana saura na wasu shekaru. Shi ya sa haihuwa ta biyu da ta uku kan fi ta fari sauƙi. Bayanin da masana suka fi bayarwa shi ne, idan aka daɗe sabon yana gushewa a hankali, kamar hanyar gona da aka bar bi ciyawa ta rufe ta. Hanyar tana nan, amma sai an sake share ta. A shekarar 2002 an fitar da wani babban bincike da aka yi a kan matan ƙasar Norway, ya nuna cewa idan tazara ta kai shekara goma ko fiye, haɗarin kamuwa da hawan jinin masu ciki yana komawa kusan daidai da na wadda ba ta taɓa haihuwa ba. Wani nazarin da ya tattara bincike da dama a 2006 ya gano cewa tazarar da ta kai shekara biyar zuwa sama tana ƙara yiwuwar haihuwar bakwaini da haihuwar jariri maras nauyi. Naƙuda ma tana iya ja fiye da yadda kika saba a haihuwar autanki.

A kan wannan sai ki ɗora shekaru. Lokacin da kika haifi auta kina da 26, yanzu kina da 39, kuma ko da tazararki shekara biyu ce, duk mai cikin da ta haura 35 ana ƙara sa mata ido. Ciwon suga na masu ciki ya fi zuwa a wannan shekarun, haka hawan jini, haka mabiyiya ta zauna a ƙasa ta tare hanya, haka tagwaye. Ƙarin mahaifa, wanda asibiti suke kira fibroid, ya yi yawa a cikin matanmu baƙar fata, kuma yakan girma shiru a shekarun talatin zuwa arba'in. Ban jero miki waɗannan don in ƙara miki rashin barci ba. Yawancin mata masu irin shekarunki suna sauka lafiya su da jariransu. Na jero su ne don kusan kowannensu ana gano shi da wuri a wurin awo, kuma idan an gano shi da wuri akwai abin yi. A ɗaki kuwa ba a ganinsa sai ya riga ya yi ɓarna.

Saboda haka ki yi rajistar awo a cikin makon nan, kuma in da hali a babban asibiti inda akwai likitan mata, ɗakin tiyata da wurin ajiyar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau takwas, na farko a cikin mako 12 na farko. Wannan ya wuce ki ba da laifinki ba, don haka kada ki ƙara ɓata ko mako guda. Idan kin zauna gaban ma'aikaciya ki faɗa mata abu uku da bakinki, ko ba ta tambaya ba: shekarunki, shekarun autanki, da ko akwai mai hawan jini ko suga a gidanku, musamman ko mahaifiyarki ko wata 'yar'uwarki ta taɓa yin jijjiga a lokacin ciki. Ki tambayi likita ko kina cikin waɗanda ake ba ƙaramar ƙwayar asfirin don rigakafin hawan jinin masu ciki. Shekara goma ba haihuwa yana cikin abubuwan da likitoci suke dubawa kafin su rubuta ta, kuma ana so a fara ta kafin ciki ya kai mako 20, ke kuwa kina wajen mako 16. Kin ga dalilin gaggawata. Amma likita ne zai rubuta, ba mai kemis ba.

Za su ɗebi jini su duba yawansa, da rukuninsa, da cututtukan da uwa ke iya sa wa jariri. Tunda duk haihuwarki a gida kika yi, mai yiwuwa ba ki san rukunin jininki ba. Ki tambaya, don idan irin wanda ake kira negetif ne akwai allurar da ake yi. Za su auna fitsari a kowane zuwa, su yi miki hoton ciki kafin mako 24 don a san ainihin kwanakin cikin, ko ɗaya ne ko biyu, da inda mabiyiya ta zauna. Tsakanin mako 24 da 28 ki nemi gwajin suga. Ƙwayar ƙarin jini ki sha ta kullum ko da tana tayar miki da zuciya, ki gwada shanta da dare. Maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, Fansidar, ana ba da shi wata-wata daga wata na huɗu, aƙalla sau uku kafin haihuwa, kuma ki riƙa kwana a gidan sauro. Akwai allurar rigakafin tetanus, wadda take kare ki da jaririn daga ciwon sandarewar jiki da ke shiga ta cibiya.

Maganin zaƙin da Hajiya ta kawo, ki karɓa da hannu biyu, ki yi godiya, ki ajiye. Babu wanda ya auna abin da ke cikinsa ko ƙarfinsa, kuma wasu saiwoyin suna matsa mahaifa. Idan abin da ake tsoro zaƙi ne a jiki, gwajin suga zai faɗa miki gaskiya da lamba.

Akwai alamomin da nake so ki haddace, ki kuma karanta wa maigida da 'yarki mai shekara 17, don wata rana su ne za su lura kafin ke. Ciwon kai mai tsanani da ba ya jin magani, gani dishi-dishi ko ganin walƙiya, kumburin fuska da hannuwa, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙari ta dama: waɗannan su ne masu zuwa kafin jijjiga, wadda wasu ke kira taune-taune. Idan mace ta faɗi tana jijjiga da ciki, ba iska ba ce, ba kambun baka ba ne, ba lokacin hayaƙi ba ne. Akwai allurar da ke tsayar da ita a asibiti, a yi addu'a a cikin mota ana tafiya. Haka zubar jini komai ƙanƙantarsa, zazzaɓi mai zafi, fashewar faya kafin lokaci, ko ki ji motsin jariri ya ragu a kan yadda kika saba. Ko tsakar dare ne a tafi.

Haihuwar kanta kuwa, a asibiti. A nan ba zan sassauta ba. Abin da ya fi kashe mata a wajen haihuwa shi ne zubar jini bayan an sauka, kuma yana iya gamawa da mace lafiyayya cikin awa biyu. A asibiti, da zarar jariri ya faɗo ake yi wa uwa allurar da ke sa mahaifa ta tsuke, kuma idan jini ya ɓalle akwai ruwa, akwai jini, akwai mai ɗinki. Ungozoma komai ƙwarewarta ba ta da waɗannan. Ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke rasuwa a duniya ta dalilin ciki da haihuwa a Najeriya suke, kuma kowa a cikinmu ya san gidan da aka yi wannan rashin. Haihuwa uku a ɗaki lafiya rahamar Allah ce, ki gode Masa. Ba alkawari ba ce a kan ta huɗu.

Tun ciki yana wata bakwai a gama shiri. A san motar da za ta ɗauke ki da dare da lambar mai ita, a ware kuɗi a gefe da ba za a taɓa su don hidimar biki ba, a sami mutum biyu a dangi da aka auna jininsu suka dace da naki. Idan kuma likita ya duba ya ce aiki ne mafita, don jaririn ya kwanta a gicciye ko mabiyiya ta tare hanya ko jini ya hau, a sa hannu da wuri. Mata da yawa sun rasa 'ya'ya, wasu sun gamu da yoyon fitsari, a zaman jiran maigida ya dawo ya sa hannu ko a jiran shawarar dangi. Ku yi wannan maganar da shi yanzu kuna zaune lafiya. A watan Nuwamban 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da shirin yi wa mata marasa ƙarfi tiyatar haihuwa kyauta, don haka ki tambaya a wurin awo ko asibitinku yana cikin shirin.

Ita Hajiya ba da gardama za a shawo kanta ba, kuma ba ke za ki yi ba. Ɗanta ne zai yi. Tunda yana cikin murna, yanzu ne lokacin da kunnensa yake buɗe. Ki roƙe shi ya raka ki awon farko ya ji daga bakin likita, sannan ya je ya sami mahaifiyarsa cikin ladabi ya ce likita ya ce saboda shekaru da daɗewa sai an riƙa dubawa. Ke kuma ki ba ta matsayinta, ki ce Hajiya ke nake so ki raka ni ranar haihuwa, ke za ki fara karɓar jikanki. Sau da yawa abin da tsofaffinmu suke gudu shi ne a mayar da su gefe a sha'anin da a da su ne masu shi.

Sai maganar kunya, wadda na san ita ta fi cin ranki duk da na bar ta sai yanzu. Na fahimce ta. Mun taso a inda uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, inda ake ganin idan 'ya ta isa aure uwa ta koma gefe ta jira jikoki. Kunya ado ce, ban ce ki yar da ita ba. Amma ki tambayi kanki, wane laifi kika yi? Da aurenki, a ɗakin mijinki, bayan shekarun da kika yi kina roƙon Allah wannan abin har kika haƙura. Ya ba ki a lokacin da Ya ga dama. Matar Annabi Ibrahim, alaihis salam, da aka yi mata bushara da Is'haƙa tana tsohuwa, ita ma mamaki ta yi, mala'iku suka tambaye ta ko tana mamakin al'amarin Allah ne. A garuruwanmu kuma ba yau aka fara ganin uwa da 'ya suna goyo tare ba, kawu da ɗan 'yar'uwarsa suna rarrafe a tsakar gida ɗaya. Masu magana za su yi ta kwana biyu, ranar suna kuma su ne a gaba wajen cin tuwo.

Abin da nake tsoro shi ne kunya ta sa ki ɓoye cikin, ki riƙa ɗaure shi da zani, ki ƙi zuwa awo don kada a gan ki a layi tare da sa'o'in 'yarki. Wannan kunyar ce take kai mata kabari. Ki je ki zauna a layin nan da kanki a sama. 'Yan matan da ke gefenki ma za su amfana da ke.

Amaryar kuwa ki faɗa mata da kanki, ku biyu a ɗaki, kafin ta ji a bakin wata. Idan nauyin bakin ya yi yawa ki sa ƙanwarki ko yayarki ta zauna tare da ku. Za ta iya yin shiru ko ta ɗan ji wani iri, don tana ganin wannan lokacinta ne, ki bar ta ta huce. Ki tabbatar mata bikinta ba zai ragu da komai ba. A lokacin bikin cikinki zai kai wata shida, saboda haka ki raba aiki tun yanzu. Tsayuwa a kan tukunya, ɗaga kaya, zirga-zirgar kasuwa da kwana ba barci wajen jere, duk ki miƙa wa 'yan'uwa. Uwar amarya dama zama take yi ana zuwa gaishe ta. Ki zauna, ki ɗora ƙafa a kan matashi, ki sha ruwa sosai, kuma kada ranar awo ta faɗa cikin hidima ki ce sai wani makon.

Kada ki manta da auta. Shekara 13 yana riƙe da wannan matsayin, ga yayarsa za ta tafi, ga wani zai zo ya karɓe cinyar uwa. Yaro a wannan shekarun ba zai ce yana kishi ba, sai dai ki ga ya yi shiru ko ya fara rashin ji. Ki ja shi a jiki, ki nuna masa girma ne ya same shi. Ita kuma ta tsakiyar za ta taimaka ƙwarai, amma kada raino ya cinye mata karatu.

Bayan kin sauka za ki tarar abubuwa sun canza tun zamanin goyon auta. Cibiya yanzu ba a gasa ta, ba a sa mata toka ko man goge baki, akwai wani man shafawa mai suna kulohekzidin da ake bayarwa a asibiti. A sa jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwa, a ba shi dakashi kada a matse a zubar, sannan nono zalla wata shida ba ruwa. Kada ki damu da cewa nono ya daɗe bai yi aiki ba, cikin nan da kansa yake shirya shi, tsotso kuma shi ke kawo ruwa. Alluran rigakafi ma sun ƙaru: an shigo da ta ciwon huhu a ƙarshen 2014, da ta gudawar yara a 2022, don haka ki bi katin, kada ki bi abin da kika tuna.

Jego kuwa ki yi shi da lura. Hawan jinin masu ciki yana iya tasowa ko bayan an haihu, har cikin makonni shida, don haka a ci gaba da auna ki. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a cikin masu jego a ƙasar Hausa, suka alaƙanta shi da kunun kanwa da zafin wanka da kwanciya a kan gadon wuta. Binciken baya-bayan nan ya nuna ciwon yana kama har waɗanda ba su yi waɗannan ba, kuma wadda ta yi hawan jini a ciki tana cikin waɗanda ya fi kamawa. Duk da haka kanwa gishiri ce, mai hawan jini ba ta da abin yi da ita. Ki yi wanka da ruwa mai ɗumi wanda fata za ta iya ɗauka, ki sha kunun gyaɗa ko na gero ba kanwa, ki ci nama da ganye da wake. Idan kika ji numfashi yana yi miki wuya, musamman in kin kwanta, ko ƙafafu suka kumbura, ko tari ya ƙi tafiya, a koma asibiti a ranar.

Idan kun je awon mako shida bayan haihuwa, ki yi magana da ma'aikaciya a kan tazara. Shekara 13 ba ciki ba ya nufin wani ba zai biyo baya da wuri ba, an sha ganin wadda ta daɗe tana nema ta samu, sannan ta yi kwanika. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a huta aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a sake ɗaukar wani, kuma ke da za ki shiga arba'in kin fi kowa buƙatar wannan hutun. Ku tattauna da maigida tun kafin ranar, don ku je da matsaya ɗaya.

Ki rubuto min bayan an auna jinin, ki faɗa min lambar da aka samu da abin da likita ya ce game da asfirin.